Dutsen Fosco, Kunnen Nerina

Nerina ba ta taɓa riƙe kurfin sassaƙa da sunan aiki ba, amma ta yi shekara arba'in da huɗu tana zaune a saman rumfar mai sassaƙa dutse, ɗakin girkinta a sama, gudumar mijinta a ƙasa. Ko ba ta so ba, kunnenta ya koyi sana'ar. Tana yanka albasa take gane ko yau Fosco fuska yake fitarwa ko ninkin riga, ta gane in ya gaji, ta gane in ransa a ɓace yake. In guduma ta yi shiru kafin sha biyun rana, ta san ko dai baƙo ya shigo, ko wani abu ya lalace.

Shi mijin nata, Fosco Ratti, gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun fi ƙarfin jikinsa. Kullum da safe sai ya ninke jaridar jiya ya yi hula da ita, don kada ƙurar marmara ta cika masa gashi, yana cewa iyakar amfanin 'yan siyasa ke nan a wurinsa. A ƙauyenmu na Sorvano, nan saman garin Carrara a ƙasar Italiya, masu sassaƙa sun fi kaji yawa, kuma kowa gani yake ya fi kowa. Duk da haka in aka zo maganar kunne, babu mai ja da Fosco.

A nan ba a ɗaukar dutse sai an ji muryarsa. Mutum zai zagaya shi da guduma yana bugawa yana saurare. Lafiyayyen marmara amsawa yake kamar ƙararrawa. Wanda ke da ɓoyayyiyar tsaga a ciki, wadda muke kira gashi don ba ta fi silin gashi kauri ba, shi kuwa amsawa yake a daƙushe, kamar an ƙwanƙwasa ƙofar katako. Kowa na iya jin babban gashi. Fosco yana jin ƙaramin da ke kwance can tsakiyar dutse, har ya ɗauki alli ya zana maka inda ya bi. Mutane sukan taso daga garin Pietrasanta da mota su ɗauke shi don kawai ya buga musu dutse sau huɗu, su saya masa abincin rana su maido shi.

An haife shi a shekarar 1941. Ubansa Secondo yana cikin masu sauko da duwatsu daga kan tsauni da igiyoyi, aikin da ya cinye maza ba adadi. A wancan zamani in hatsari ya auku a mahaƙar dutse, ƙaho ake busawa. Aiki ya tsaya cak a ko'ina, kowace mace ta fito bakin ƙofarta ta juya kai wajen tsauni, tana jiran ta ga gidan wa masu ɗauke da mutum za su nufa. Fosco yana da shekara goma ranar da aka busa na ubansa. Uwarsa Argia tana cikin kwaɓa fulawa, ta fito da ƙullu a hannu, ta tsaya. Ba ta wanke hannun ba har aka iso da shi. Bayan an binne mijinta ta rantse ɗanta ba zai hau tsauni ba, ta kama hannunsa ta gangara da shi Carrara, ta damƙa shi ga wani mai rumfar sassaƙa, ya fara da shara.

Daga shara ya kai ga goge dutse, daga gogewa ya kai ga kurfi, kafin ya cika talatin ya buɗe tasa rumfar a ƙauye. Aikinsa shi ne aikin yawancin gwanayen garin nan. Babban mai zane zai zo daga Milano, ko Faris, ko Amurka, rungume da ɗan samfuri na farar ƙasa wanda bai fi tulu ba. Fosco zai auna shi ɗigo-ɗigo, ya fitar da shi a marmara ya fi mutum tsawo, ya gyara gwiwar da aka karkata, ya ba idon da ya mutu rai, wata shida ko shekara guda. Ranar ƙarshe mai zanen zai dawo da mai ɗaukar hoto, ya yafa ɗan ƙura a kafaɗar kwat, ya riƙe kurfi, sau da yawa ma a juye, a ɗauka. Daga nan ya sa sunansa a gindi. Shi ake kira Maestro, sunan girman da ake ba manyan gwanaye. Fosco kuwa Fosco ne.

Abin bai taɓa damunsa ba, ko kuma bai taɓa nunawa ba. Nerina ce ke jin haushin a madadinsa, kuma ta iya jin haushi. Tana da akwatin takalmi cike da hotunan da ta yanko daga mujallu: wata mata mai wanka a dandalin wani birni na Jamus, wani doki a ƙofar banki a Kanada, mala'iku biyu a wata maƙabarta a Ajantina. Duk hannun mijinta ne, duk sunan wani. In ta fara, sai ya ce mata dutse ya san wanda ya taɓa shi, ita kuma ta ce to dutse ya tashi ya faɗa wa jarida mana.

Abin da ya ci kunnen Fosco ita ce gudumar iska, wadda ke karkarwa a hannu tana ƙara tun safe har yamma. Shekara hamsin yana aiki da ita, kuma ya ƙi toshe kunne da auduga, wai mai sassaƙar da ya toshe kunne makaho ne. Nerina ce ta fara lura. Rediyo ya riƙa ƙara ƙarfi, ƙararrawar coci ta daina tashinsa, yana dariya a inda ba a yi abin dariya ba. Da ta yi masa maganar likita ya sha mur, ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Sai ta ɗauki aikin rufa masa asiri. In suna cikin mutane sai ta tsaya a damansa, duk abin da aka faɗa ta maimaita da ƙarfi kamar ita ce ba ta gane ba, har matan ƙauye suka fara cewa Nerina ta soma rikicewa. Ta bar su suka ce.

Yana da shekara sittin da takwas ƙungiyar masu fasa dutse ta ƙauyen ta yanke shawarar kafa mutum-mutumi a dandali, don tunawa da mazan da tsauni ya ci. Wasu matasa suka ce a kai wa injin nan mai aiki da kwamfuta ya yanka cikin sati uku. Alderano, shugaban mahaƙar sama, wanda suka yi firamare tare da Fosco, ya buga tebur ya ce muddin yana numfashi inji ba zai sassaƙa ubansa ba. Aka ba Fosco. Ba samfurin kowa, zanensa, hannunsa, sunansa a gindi, a buɗe ranar ma'aikata, ɗaya ga Mayu. Ranar da ya dawo da labarin bai iya cin abinci ba. Ya zauna yana juya cokali, can ya ce mata zai yi mutum a tsaye, igiya a kafaɗa, hannu ɗaya a sama yana ba da alama. Ba sai ya faɗa mata ko wane ne ba.

A watan Satumba suka hau mahaƙa zaɓen dutse, don Alderano ya ce kyauta zai bayar, kuma mafi kyawun abin da ya fito a shekarar. Nerina ta bi shi riƙe da rigar sanyinsa. Maza wajen talatin suka bar aiki suka taru, tsofaffi da matasa, don su ga Fosco Ratti yana sauraren dutsen kansa. Fari ne tas, ya kusa kamu shida a tsaye. Ya zagaya shi, ya shafa, ya buga kusurwa ta farko. Ƙararrawa. Ta biyu da ta uku haka. Ya zaga baya, inda babu kowa sai matarsa, daidai lokacin da wata babbar mota ke gangarawa tana gurnani, ya buga ta huɗu.

Nerina ta ji. Ba babban abu ba ne, ɗan daƙushewa ne a ƙarshen sautin, irin wanda sau ɗari ta ji daga ɗakin girki, guduma ta yi shiru, zagi ya biyo baya. Ta dubi fuskarsa tana jiran ya ɓata rai. Sai ta ga yana murmushi. Ya fito gaban mutane ya ɗaga guduma ya ce lafiyayye ne kamar jariri, aka tafa, Alderano ya rungume shi.

In ta yi magana a nan, a gaban maza talatin, ta tuɓe shi tsirara, ta ce wa duniya kunnen Fosco ya mutu har matarsa mai dafa taliya ta fi shi ji. Ta ce a ranta wataƙila motar ce. Ta miƙa masa rigarsa, ba ta ce uffan ba.

Wata biyar tana ɗauke da wannan abu, kuma ya hana ta sukuni. Ta gwada zagaye-zagaye. Ta ce ko zai sake bugawa yanzu da dutsen ya sauko, ya ce ita ta kula da miyarta, shi bai taɓa ce mata ta sake ɗanɗana gishiri ba. A ƙasa kuwa aiki na tafiya yadda ba ta taɓa jin ya tafi ba. Gudumar har waƙa take. Yana hawowa da rana fari fat, ya ci wainar garin wake a cikin burodi a tsaye, ya kurɓi kofi, ya koma. Kafaɗun mutumin suka fito, igiya ta fito, har zaren igiyar ana ƙirgawa. Duk wanda ya leƙo sai ya cire hula. Ita kuwa duk bugun da ya sauka a kafaɗar hagu, sai ta ajiye wuƙa ta saurara.

Ranar wata Talata cikin Fabrairu, da hantsi, guduma ta yi shiru. Ta jira zagi, bai zo ba. Ta sauko da tsumma a hannu. Fosco ya watsa wa dutsen ruwa don ya wanke ƙura, ko'ina ya fara bushewa, sai layi ɗaya siriri da ya ƙi bushewa, ya taso daga kafaɗar hagu, ya ratsa ƙirji, ya sauka a ƙugun dama. Yana tsaye da bokiti a hannu yana kallo.

Aka kira Alderano. Ya zo ya sa tabarau, ya bi layin da farce, ya yi tsaki. Wani dutsen irin wannan babu shi a ƙasa, in ma akwai, sati goma ba sa isa a fara daga farko. Ya rage murya ya ce abin da kowa ke yi: a kwaɓa garin marmara da gam, a cusa, a goge, ko shi Fosco sai ya nema kafin ya gani. Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin Fosco ya ji.

"Shekara nawa zai yi?" in ji Fosco.

"Ashirin. Talatin ma. Kai da ni muna ƙasa muna hutawa, wa zai tambaye mu?"

"Ruwa zai shiga, sanyi ya daskarar da shi, ya buɗe. Rabin mutum ya faɗo a dandalin da jikokinka ke buga ƙwallo. Ka ce in sa sunana a gindin wannan, Alderano? Dutse ya kashe ubana sau ɗaya, ba zan ɗora shi a sama ya kashe wani ba."

Alderano ya ce kan dutse gare shi, tun suna aji ɗaya haka yake, ya ɗauki hularsa ya fita. Fosco ya zauna a kan akwati. Abin da ke cinsa ba dutsen ba ne kaɗai. Ya riƙa cewa ya buga, kusurwa huɗu ya buga, kuma ya amsa. Nerina ta ga mijinta, wanda bai taɓa shakkar kansa ba a gaban kowane Maestro, yana duban gudumarsa kamar ita ta ci amanarsa. Tausayi ya kama ta, kunya ta fi tausayin. Ta zo daf da kunnensa na dama.

"Bai amsa ba, Fosco. Ta huɗun ba ta amsa ba. Ina wurin, na ji."

Ya ɗago a hankali. "Kin ji."

"Na ji."

"Kika yi shiru."

"A gaban maza talatin? Me kake so in ce? In ce mijina ya kurumce?"

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara uku. Kana zaton don Allah nake maimaita maganar mutane kamar aku?"

Ya cire hular jaridar ya dunƙule ta, ya haye sama. Kwana uku bai yi mata magana ba, bai kuma sauka rumfa ba. Gidan da ya shekara arba'in da huɗu yana rawa da bugun guduma ya yi tsit, har Nerina tana jin agogon bango. Ta san ta yi laifi, ta kuma san in aka maimaita ranar, da wuya ta yi dabam, wannan ne ya fi ba ta haushi. Tana ajiye masa abinci, yana ci, yana wanke kwanonsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, don dai ta ji zafi.

Rana ta huɗu da safe ya ninke sabuwar hula. Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, ya miƙo mata guntun alli.

"Sauko," in ji shi. "Ni zan buga, ke ki ji. In kika sake rufa mini asiri, na koma gidan Alderano da zama."

"Matarsa ba ta iya girki ba."

"Me kika ce?"

"Na ce mu je!"

Yini guda suka yi. Yana bugawa taƙi-taƙi, tana tsaye da ido a rufe, in ya amsa ta ɗaga yatsa, in ya daƙushe ta yi gicciye da alli. Sau biyu ya yi gardama, sau biyu ta ce ya sake, ya kuma bi nata. Kafin la'asar gicciyen sun nuna inda gashin ya bi har bayan dutsen. Duk abin da ke sama da layin matacce ne: kai, kafaɗu, igiya, hannun da ke sama, aikin wata biyar. Abin da ke ƙasa lafiyayye ne, amma bai kai tsawon namiji ba, kuma gefe ɗaya ya fi tsawo.

Washegari ya jera ƙarafan tsaga dutse a kan layin da hannunsa, ya bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Nerina ta tsaya gefe tana kallo. Dutsen ya yi ƙara sau ɗaya, rabin Secondo ya zame ya kwanta a kan buhunan yashi, fuska a sama. Fosco ya lulluɓe shi da bargo. Sa'an nan ya daɗe yana zagaya guntun da ya rage, yana auna shi da jikinsa, ya kai masa daidai haɓa. Ya ce, kamar da kansa yake, uwarsa ma iyakarta ke nan.

Bai yi samfuri ba, babu lokaci. Kai tsaye ya shiga dutsen, abin da bai taɓa yi wa kowane Maestro ba, don abin da zai fitar ya shekara hamsin da takwas yana kallonsa. Kowace safiya kafin ya fara sai Nerina ta sauko ya buga ta saurara. Taliya ta sha dahuwa fiye da kima a watannin nan, babu wanda ya yi ƙorafi. Ya rufe rumfar, ko Alderano bai bari ya leƙa ba, shi kuwa ya yi ta yawo a ƙauye yana cewa in ranar ta zo babu komai, shi zai hau gindin ya tsaya da kansa.

Ranar ɗaya ga Mayu dandali ya cika, da jajayen tutoci da 'yan badujala. Magajin gari ya yi jawabin da ya fi kowa jin daɗinsa. Aka ja zane. Maimakon ƙaton namiji da igiya, sai ga 'yar gajeriyar mace a bakin ƙofa, da rigar girki, hannuwanta a ɗage kaɗan daga jiki don kada ƙullu ya ɓata mata riga, kanta a juye wajen tsauni. Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Nerina ta ji gunaguni ta ko'ina, wani a bayanta yana cewa maza aka ce a tuna, ina mazan? Ta gode wa Allah da mijinta ba ya ji.

A tsarin bikin, bayan buɗewa Alderano zai busa tsohon ƙahon, wanda aka shekara arba'in ba a taɓa ba. Ya ɗaga ya busa. Kafin sautin ya mutu, duk tsofaffin matan da ke dandalin, su wajen ashirin, masu sanda da masu keken guragu, sun juya kai wajen tsauni. Ba wadda ta yi niyya, jiki ne ya tuna. Suka tsaya haka, su da ta dutsen, kai ɗaya, kallo ɗaya. Mutumin da ke tambayar ina mazan ya cire hularsa. Alderano ya sauke ƙahon yana share fuska da hannun riga, bai ma ɓoye ba.

Fosco bai ji komai ba. Kawunan ya gani sun juya. Ya sunkuyo wajen matarsa ya ce, "An busa?" Ta gyaɗa kai.

Sai da mutane suka watse wajen cin abinci ta zaga bayan dutsen, ita kaɗai, don ta ga abin da ta shekara arba'in da huɗu tana jira. Tun da aka gama ya liƙe wurin da takarda ya hana ta gani. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ga shi can ƙasa, da ƙananan haruffa: Fosco Ratti ya sassaƙa. A ƙarƙashinsa akwai layi na biyu, girmansu ɗaya: Nerina Ratti ta saurara.

Ta daɗe a durƙushe. Da ta ji takunsa a bayanta ta share ido da sauri, ta ce ba tare da ta juyo ba, sau ɗaya a rayuwarsa an ba shi wurin sa suna, shi ne zai raba da mai dafa taliya, kuma ma harafin farko na sunanta a karkace yake.

"Me kika ce?" in ji Fosco.

Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. Ba ta maimaita ba.